Saukar da Honda Civic ƙasa da kuɗi kaɗan: wane sifirin da wace shokazoba ya kamata a saya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da Honda Civic ƙirar 2008, mai ƙofa huɗu, injin 1.8, wadda aka shigo da ita daga Amurka. Ina son in saukar da ita ƙasa kaɗan domin ratar da ke tsakanin taya da madigadi ta yi mini yawa, amma kuɗina ba su da yawa. Wani ya ce in kai a yanke sifirin kawai, wani ya ce in sayi koyiloba (shoka da sifirin a haɗe) masu araha da ake tallatawa a intanet, wani kuma ya ce in nemi sifirin na Beljiyam. Da motar nake zuwa aiki kullum, wani lokaci kuma nakan ɗauki iyali mu je gida. Wanne ya fi, kuma me zan fara saya?" Mai tambaya daga Zariya.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da na fahimta shi ne kana son motar ta zauna ƙasa ta yi kyan gani, ba tare da ta daina yi maka aikin da take yi ba, wato kai ka wurin aiki kullum da ɗaukar iyali ranar tafiya, kuma kana son a yi haka da kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Abu ne mai yiwuwa, amma bisa sharaɗi biyu da nake so ka riƙe tun daga farko. Saukarwar kada ta wuce milimita 25 zuwa 30, sannan kaso mafi tsoka na kuɗinka ya tafi ga shokazoba da daidaita tayoyi, ba ga abin da zai saukar da motar ba. Na daɗe ina aikin ƙafar mota, kuma mafi yawan masu zuwa garejina roƙonsu shi ne in ɗaga musu mota saboda ramuka da tudun rage gudu. Masu neman a saukar ba su da yawa, amma su ne na fi ganin sun dawo da ɓarna mai tsada, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: sun biya kuɗin saukarwa, sun manta da abin da zai riƙe motar bayan ta sauka.

Yadda ƙafar motarka take aiki

Sifirin shi ne ke ɗauke da nauyin mota, kuma shi ne yake yanke tsayin da za ta zauna. Shokazoba aikinta daban ne, domin ita ce ke kashe lilon da sifirin yake yi bayan taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, ta hanyar matsa mai ya bi ta wasu ƙananan ƙofofi a cikinta. Tsakanin inda motar take zaune da inda ƙafar za ta kai ƙarshen matsuwarta akwai wata tazara, kuma wannan tazarar ce kake shirin ɗiba. A ce, domin misali, ƙafar tana da milimita 75 na matsuwa kafin ta danna robar tsayawa da ke jikin sandar shoka. Idan ka saukar da motar da milimita 25, saura 50, kuma sifirin da ya ɗan fi na asali tauri zai iya aiki da hakan lafiya. Idan ka saukar da ita da 50, saura 25 kacal, wanda lodin mutane da rami ɗaya sun isa su cinye. Daga nan motar ta daina tafiya a kan sifirin ta koma tafiya a kan roba, kuma duk dukan da titi ya yi zai wuce kai tsaye zuwa bushin, zuwa bol-joyin, zuwa jikin motar, har zuwa ƙugun mutanen da ke ciki.

Motarka tana cikin zubi na takwas na Civic, wanda aka yi daga 2006 zuwa 2011. Gabanta tsarin MacPherson ne, inda sifirin ya zagaye shoka kuma shokar da kanta take riƙe da kan taya, bayanta kuma kowace taya tana da nata hannuwan, sifirin yana zaune wuri guda shoka tana wani wurin. Wannan yana da amfani ranar saye, domin faɗin "Civic 2008" kawai bai isa ba. Ka duba harafi na huɗu da na biyar na lambar shasi: mai ƙofa huɗu ta Amurka FA ce, mai ƙofa biyu FG, ta kasuwannin Asiya FD. Ita kuwa guntuwar ta Turai, FN da FK, ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyinta na baya, saboda haka kayanta ba za su shiga taka ba. Akwai kuma Civic Si mai injin 2.0 da kuma mai haɗin lantarki, waɗanda nauyinsu da taurin sifirinsu suka bambanta da naka.

Ka auna kafin ka saya

Kafin ka fitar da ko sisi, ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen daɓe, tanki cike, iskar tayoyi daidai, ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi a ƙafafu huɗun, ka rubuta. Kada ka auna daga ƙasa, domin iskar taya da cinyewarta za su ɓata maka lissafi. Motar da aka ƙera a 2008 ta riga ta ɗan zauna da kanta, musamman ta baya idan ta sha lodi, su kuwa kamfanoni suna lissafin saukarwarsu ne daga tsayin sabuwar mota. Saboda haka sifirin da aka rubuta masa milimita 30 zai iya saukar da taka da ƙasa da haka. Idan ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya zama da fiye da milimita 10, akwai abin da ya gaji ko ya lanƙwashe, kuma shi ne farkon abin gyara.

Bayan haka sai ka zaunar da manya huɗu a ciki, ka sa kaya a but kamar ranar tafiya, ka leƙa ƙasa ka auna tsakanin daɓe da wuri mafi kusa da shi: tukunyar baƙin mai, ƙarfen da ke ɗauke da inji, da bututun salansa. Ka cire milimita 30 daga abin da ka samu, ka kwatanta da tudun rage gudu mafi tsawo a hanyarka da kuma dakalin ƙofar gidanku. Akwai wata dabara da nake yi wa kowace mota kafin in taɓa ta: nakan ɗaura siririyar robar ɗaure waya a jikin sandar shoka, in tura ta ƙasa, in ce mai motar ya yi kwana biyu yana bin hanyarsa ta yau da kullum. Inda robar ta tsaya yana nuna iyakar matsuwar da ƙafar ta kai. Idan na tarar da ita ta cushe cikin robar tsayawa alhali motar tana kan tsayinta na asali, nakan gaya wa mai ita gaskiya cewa hanyarsa ba ta bar masa wurin saukarwa ba.

Yanke sifirin

Wannan shi ne mafi araha, kuma ba na yin sa, ba na kuma ba da shawarar a yi shi. Taurin sifirin ya dogara ne da kaurin ƙarfen, da faɗin zagayen, da yawan zagayen da ke aiki. Idan yana da zagaye shida masu aiki aka cire ɗaya, taurinsa zai ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, amma babu wanda ya daidaita wannan ƙarin da tazarar da aka rasa; abin da ya fito kawai za ka karɓa. Bakin sifirin kuma an tsara shi ne domin ya zauna cikin mazauninsa daram, yankakken baki kuwa kan zauna a karkace, ya huda robar mazaunin, ya riƙa ƙara. Mafi haɗari shi ne gajarta: idan taya ta sauka cikin rami ko aka ɗaga motar da jak, gajeren sifirin yakan saki, kuma a bayan Civic, inda ba shoka ce ta ratsa ta tsakiyarsa ba, zai iya gocewa daga mazauninsa ana cikin tafiya. Ƙari a kan haka, sifirin bayan yana zaune ne a kan hannu, nesa kaɗan da tayar, don haka yanka kaɗan yakan haifar da zama mai yawa, abin da ke sa masu yanka yawan wuce gona da iri. Wanda ya fi wannan muni shi ne a kai wa mai walda ya gasa sifirin da wutar gas har ya zauna. Zafin yana kashe ƙarfin da aka ba ƙarfen a masana'anta, sai ya ci gaba da zama babu tsari, wata rana kuma ya karye kusa da taya da tiyon birki.

Sifirin da aka ƙera domin saukarwa

Wannan ita ce hanyar da ta dace da kai. Sifirin saukarwa ya fi na asali gajarta amma ya fi shi tauri, an kuma lissafa shi yadda ba zai saki ba ko da ƙafar ta miƙe gaba ɗaya. Da yawansu za ka ga zagayensu sun matsu a gefe ɗaya sun buɗe a ɗaya gefen. Matsattsun suna riƙe shi a mazauninsa kuma suna tausasa ƙananan gargada, buɗaɗɗun suna ɗaukar babban duka. Sunayen da suka daɗe ana dogaro da su sun haɗa da Eibach da H&R na Jamus, da Tein na Japan. A wurin Eibach, layin Pro-Kit shi ne mai matsakaiciyar saukarwa, yawanci tsakanin milimita 25 zuwa 35, Sportline kuwa ya fi shi zurfi, kuma ba na titinmu ba ne. A wurin Tein, H.Tech shi ne mai sauƙi, S.Tech ya fi zama ƙasa. Na H&R da ake kira Sport yakan ɗan fi Pro-Kit sauka da tauri, ga mai ɗaukar iyali kuwa na fi karkata ga Pro-Kit ko H.Tech. A Amurka sabon saiti na guda huɗu yakan kama dala 250 zuwa 350, kafin kuɗin jirgi da na kwastan.

A nan ne shawarar wanda ya ce ka nemi na Beljiyam take da tushe, domin sifirin mai kyau ba ya saurin gajiya, kuma shi ne wurin da za ka rage kuɗi ba tare da ka cutu ba. A manyan kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas, akan ci karo da irinsu jikin ƙafafun da aka kwance daga motocin da aka shigo da su, sai dai abin yana buƙatar haƙuri da yawo. Na ainihi yana ɗauke da sunan kamfani da lamba a jikin zagayen, kuma na gaba da na baya lambarsu daban. Ka duba lambar a shafin kamfanin ka tabbatar ta motarka ce. Ka jera na gaba biyu a ƙasa ka ga tsayinsu ɗaya, haka na baya. Ka bi zagayen da yatsa, musamman na ƙasa, domin motocin da suka fito daga jihohin Amurka masu ƙanƙara sun sha gishirin titi, kuma inda tsatsa ta yi rami a nan sifirin yake karyewa. Ka kuma duba bakinsa: idan akwai alamar dutsen yanka, ko fentin ya rufe tsatsa babu lamba a jiki, tsohon sifirin asali ne aka yanke aka shafa masa jan fenti.

Shokazoba, inda kuɗin ya kamata su tafi

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗora sabon sifirin mai tauri a kan shokar da ta zo da motar tun daga masana'anta. Kwanakin farko komai lafiya, bayan 'yan watanni sai motar ta fara tsalle kamar doki, mai ya fara jiƙa jikin shoka, mai motar kuma ya ɗora laifin a kan sifirin. Dalilan biyu ne. Sifirin mai tauri yana mayar da ƙafa da ƙarfi fiye da na asali, don haka yana buƙatar shokar da za ta iya riƙe wannan dawowar, gajiyayyiya kuwa ba ta iya riƙe ko na asalin ba. Na biyu, da zarar mota ta sauka, fistin ɗin da ke cikin shoka ya koma aiki kusa da gindin bututun, kuma duk lokacin da ƙafar ta kai ƙarshe, ƙofofin mai da ke can ƙasa ne ke shan dukan. Batun ya wuce jin daɗin zama. Tayar da ke tsalle ba ta manne da titi, kuma tayar da ba ta manne da titi ba ta kama birki, ba ta bin sitiyari, musamman a kan kwalta mai yashi ko ranar ruwa.

Mafi araha cikin abin da na yarda da shi shi ne sabuwar KYB Excel-G. An ƙera ta ne domin tsayin asali, kamfanin bai yi ta domin saukarwa ba, amma a aikina na ga tana jure saukarwar da ba ta wuce milimita 25 ba idan robar tsayawa sabuwa ce, ko da yake ba za ta yi tsawon ran da za ta yi a kan sifirin asali ba. Mataki na gaba shi ne Koni na ƙasar Holan: STR.T mai ruwan lemo ita ce mai sauƙin kuɗi kuma ta dace da matsakaiciyar saukarwa, Sport mai ruwan ɗorawa kuma ana iya murɗa ta a ƙara ko a rage ƙarfin riƙon dawowa. Tein yana da EnduraPro, wadda aka yi da siffar shokar asali domin hanyoyi marasa kyau, kuma yawancinsu suna da wani tsari a ciki da ke tare dukan ƙarshe da mai, abin da ke da amfani ƙwarai ga motar da tazararta ta ragu. Idan ka ci karo da Bilstein, ka san lambobinsu: B4 madadin ta asali ce, B6 mai ƙarfi ce a tsayin asali, B8 ita ce aka gajarta domin sifirin saukarwa. Da a ce motar tawa ce kuma kuɗina a ƙirge suke, zan ɗauki sifirin Beljiyam mai lamba in haɗa shi da sabuwar STR.T ko EnduraPro, in kuwa ba su samu ba, Excel-G tare da sifirin mafi ƙarancin saukarwa.

Shokar Beljiyam caca ce, domin ba ka ganin cikinta. Idan dole ce ta sa, ka duba sandar babu ƙarzuwa babu tsatsa, jikin babu danshin mai babu lotsawa, sannan ka tsayar da ita ka danna ka ja sau da yawa: ya kamata ka ji riƙo iri ɗaya daga farko har ƙarshe, babu wurin da take wucewa fayau. Ka kuma nemi alamar huji da aka toshe da walda ko ƙusa, domin akwai masu huda matacciyar shoka su ɗura mata mai mai kauri su sayar, kuma irin wannan takan yi tauri a hannu amma ba ta kai wata guda a titi. Sababbin ma akwai jabu, har da masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, don haka idan farashi ya faɗi ƙasa da rabin abin da aka sani, ka bar shi.

Koyiloba

Koyiloba shoka ce da sifirin a haɗe, jikinta da zare irin na noti, ana murɗa zobe a ɗaga mota ko a saukar da ita. Mai kyau abu ne mai kyau, amma ka yi wannan lissafin: saitin da ba shi da suna, mai shoka huɗu da sifirin huɗu da kawunansu, ana tallata shi a dala 200 zuwa 300, wato kusan kuɗin sifirin huɗu kawai na kamfanin kirki, ko ma ƙasa da haka. Dole an rage wani abu, kuma abin da aka rage yana ciki, a ƙofofin mai da robobin da ke hana yoyo da ingancin ƙarfen. Sifirin ƙaramar mota na asali taurinsa yakan kai kusan kilo 2 zuwa 3 a kowace milimita, irin waɗannan kuwa sukan zo da 8 a gaba da 6 a baya ko makamancin haka, tare da shokar da ba ta iya riƙe su. Wani saurayi ya taɓa kawo mini Civic irin taka da igiya, bayan ya sa irin waɗannan ya murɗe su har taya ta shige madigadi. Wani dutse a hanyar garinsu ya fasa tukunyar baƙin mai, wadda a wannan injin ta alminiyam ce, takan tsage maimakon ta lotsa, bai kuma lura da fitilar mai ba sai da injin ya buga. Kuɗin injin da ya saya ya ninka na kayan kirkin da ya guje wa tun farko, kuma da na kwance ƙafafun na tarar biyu daga cikin shokar sun riga sun zubar da mansu.

Idan wata rana kuɗi suka samu, masu suna na farkon mataki su ne irin Tein Street Basis Z, da ST, wanda reshe ne na kamfanin KW na Jamus, da BC Racing na Taiwan, wanda layinsa na BR yakan kai dala 1,000 ko fiye. Ko da su, ƙurar hunturu da taɓon damina suna cushe zaren har zoben ya ƙi murɗuwa idan ba a wanke shi ana shafa masa giris ba, kuma kan sama mai ƙwallon ƙarfe, wanda wasu ke zuwa da shi, yakan fara ƙara da wuri a ƙura, na roba ya fi dacewa da mu. Ga wanda zai saita tsayi sau ɗaya ya bar shi, kuɗin zoben murɗawa kuɗi ne da ba zai ci moriyarsu ba.

Abin da saukarwa ke canzawa a zaman taya

Da mota ta sauka, saman tayoyi yakan karkata ciki, abin da masu alaimen ke kira kamba, kuma fuskar tayoyin takan ɗan juya ciki ko waje, wato to-in da to-awut. Mutane sun fi ganin kamba domin ido yana kama ta, amma kuskuren to-in ne ya fi saurin cinye taya, domin yana jan ta a kan kwalta kamar ana goga ta da faifan yashi. A wannan zubin na Civic bayan yana da nasa tarihin: ƙirar 2006 da 2007 sun yi suna wajen cinye tayoyin baya ta ciki, har Honda ta fitar da sanarwar gyara ta sauya hannun sama na baya. Tunda babu wurin saita kambar baya daga masana'anta, kuma saukarwa tana ƙara ta, ka sa hannun sama mai saituwa guda biyu cikin lissafinka idan awon na'ura ya nuna karkatar ta wuce iyaka. Na gaba kuma akwai noti na musamman mai ƙusumbi da ke gyara ta da kuɗi kaɗan.

Akwai wani dalilin da ya sa nake tsayawa a milimita 30. A tsarin MacPherson, hannun ƙasa ya kamata ya kasance a kwance ko bakinsa na wajen taya ya ɗan yi ƙasa. Idan saukarwa ta yi yawa har bakin ya koma sama, motar takan nemi ƙara kwanciya a kwana maimakon ta rage, sitiyari ya riƙa fizga da kansa idan taya ta hau gargada, shaf kuma, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa taya, ya yi aiki a kusurwar da ba a tsara masa ba. Game da wili, idan motarka na kan 205/55 R16 ka bar ta a haka. Gefen wannan tayar yana da kusan milimita 113, na 215/45 R17 kuwa kusan 97, kuma tsayin tayar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, saboda haka babban wili ba zai rufe maka ratar madigadi ba, zai dai rage maka cushin da ke kare wilin daga rami.

Tsarin saye da ɗaurawa

Ka fara da gyaran abin da ya gaji: bushin hannuwa, bol-joyin, tayarod, da ƙananan sandunan da ke haɗa ƙarfen hana kwanciya. Daga nan shoka huɗu tare da sababbin robobin tsayawa, rigar ƙura, da matashin saman shokar gaba idan ya tsage. Sifirin ya zo na uku, sannan ka ware kuɗin alaimen da na hannun baya kafin a kwance ko noti ɗaya. Idan kuɗin ba su kai duka ba, ka sa shokar yanzu ka ci gaba da hawa da sifirin asali har na saukarwa ya samu. Za ka biya kuɗin aiki sau biyu, amma akasin haka zai sa ka sayi shoka a gaggauce, wadda ta samu ba wadda ka zaɓa ba.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. A matse sifirin da na'urar matse sifirin, ba da igiya ko wayar ƙarfe ba, domin wanda ya kuɓuce yana iya karya hannu ko fuska. Kada a kama sandar shoka da filaya, kada kuma a ɗaure notin samanta da bindigar iska. Idan takardar sifirin ta ce a rage tsawon robar tsayawa, a rage daidai abin da ta ce, amma kada a cire ta. Notocin da suka ratsa bushin roba a ƙarasa ɗaure su bayan motar ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri, kuma wannan shi ne abin da makanikai da yawa ke tsallakewa. A duba tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki) ba sa gogar komai idan an karya sitiyari har ƙarshe. A saita to-in a ranar, a dawo bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da sifirin ya gama zama, a yi cikakken alaimen na ƙafa huɗu a kan na'ura, a kuma gyara saitin fitilun gaba.

Duk abin da na faɗa ya tsaya ne kan motar hawa ta yau da kullum. Motar tsere lissafinta daban ne. Awon da za ka yi da hannunka kuma ya fi kowane adadi da na ambata ƙarfi, domin shi ne ya san motarka da hanyarka. Bayan an gama, ka koyi sakin birki daf da hawa tudun rage gudu, tunda taka birki yana dunƙufar da gaban motar daidai lokacin da kake buƙatar tsayinsa, ka kuma ƙara kaffa-kaffa da ruwan da ke kwanciya a titi da damina. Idan kana da inshora mai cikakken rufi, ka sanar da su canjin. Tsofaffin sifirin naka kuwa ka wanke su, ka ɗaura wa kowanne takarda mai nuna ƙafar da ya fito, ka ajiye su a busasshen wuri, domin ranar da za ka sayar da motar mafi yawan masu saye a nan za su fi son ta a tsayinta na asali.